Waiwaye: Duwatsun Masar da Ganuwar Gidanmu

Titin Sarki Faisal ba ya cikin wuraren da ake kai baƙo idan ya zo Masar. Dogon titi ne a Giza, yamma da Kogin Nilu, ya tashi daga wajen tashar mitro ta Faisal ya miƙe yamma, kafaɗa da kafaɗa da titin Haram, har ya kusa tudun da Ahram, wato manyan dala na Fir'aunoni, suke. Daga farkonsa zuwa ƙarshensa dogayen benaye ne na jan bulo a manne da juna, da ƙananan bas-bas da direbobinsu ke leƙo kai suna kiran Ɗalbiyya, Ishirin, Maɗba'a, Ɗawabiƙ, Maryuɗiyya, ga tuk-tuk suna kutsawa lungu-lungu, ga ƙamshin ful da ɗa'amiyya tun asuba. Tsofaffin unguwar sukan ce a kan idonsu aka yi komai. Gonaki ne shar da dabino har shekarun 1970, lokacin da kuɗin 'yan ci-rani ya fara shigowa daga ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, aka bi gonakin da gini har ba a bar wurin da akuya za ta yi kiwo ba.

Arhar haya ce ta kai irinmu can. Yawancin ɗaliban Najeriya da Nijar suna Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar, ko Madinat Nasr, amma wanda bai samu gurbi ba, ko mai iyali da aljihunsa bai kai ba, yakan tsallako kogi. Mu kuɗi muka haɗa muka kama gidan haya a hawan ƙarshe na wani bene a bayan Ɗawabiƙ. Idan ka hau rufin don shanya, ranar da ƙura ta lafa, sai ka hango kawunan manyan dala biyu sun leƙo ta tsakanin tankunan ruwa. Kusancin ya kai haka. Duk da haka na san mutanen da suka zo Masar, suka yi karatu, suka karɓi shahada, suka koma gida da akwatunan littattafai, ba su taɓa taka wurin ba. Rayuwar ɗalibi ce ke cinye su: mitro da safe, darasi, layin sabunta takardar izinin zama, girki, hadda, barci.

Wanda ya hana mu zama haka wani dattijo ne daga Damagaram, yana rubuta kundin digirinsa na uku a fannin tarihi, yana zaune da iyalinsa a benen da ke kallon namu. Malam kawai muke ce masa. Yana da al'adar da ba ya saɓawa. Duk sabon ɗalibin da ya sauka a unguwar, Bakano ne ko Basakkwace ko ɗan Maraɗi, kafin ya gama warware gajiya Malam zai aiko yaro a ce masa ya shirya ranar Juma'a da sassafe. Da aka zo kaina na je na gaishe shi na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da haddar da ban kai ba." Ya ce, "Ƙanena, haddar tana nan, da dare ma a yi ta. Mahaifinka ya sayar da abin da ya sayar ya turo ka Masar. In ka koma Masar za a tambaye ka, kuma gani ya kori ji."

Bas ɗaya muka hau zuwa ƙarshen titi, muka ƙarasa da ƙafa. Katin ɗalibi ya rage mana rabin kuɗin shiga. Masu raƙuma da dawaki suka yo mana caa, Malam ya sallame su da Larabcin kasuwa irin nasu, muka wuce har gindin babbar dalar. Hoto ba ya faɗin gaskiyar wannan gini. Dutsen layin farko kaɗai ya kai mini ƙirji. Na shafa shi na ji kaushi, na duba da kyau sai ga ƙananan zagaye masu siffar kwabo a nutse cikin dutsen, ragowar halittun ruwa ne tun zamanin da teku ke rufe da wurin. Don Sarki Khufu aka gina ta, wajen shekara 2,560 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Tsayinta na asali mita 146, yanzu wajen 138 ne saboda kanta ya tafi kuma an ɓamɓare farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi. Masu ƙiyasi sun ce duwatsun da ke jikinta sun kai miliyan 2.3.

Malam bai bar mu muka daɗe muna ɗaga kai ba. Ya zagaya da mu ta kudu zuwa wani gini da a lokacin yake manne da dalar, aka ba kowa takalmin ƙyalle ya ɗora kan nasa don kada a shiga da yashi. A ciki jirgin ruwa ne na katako, tsawon mita 43, hancinsa da wutsiyarsa a ɗage, ga dogayen filafilai a jere. A 1954 wani Bamisire mai suna Kamal al-Mallakh ya gano shi a cikin rami a gindin dalar, a wargaje, guda 1,224 na katakon al'ul da aka kawo daga Labanan, an jera su an rufe da manyan duwatsu. Ba da ƙusa aka haɗa shi ba, da igiya aka ɗinke allunan ta ciki, ana ganin ramukan da igiyar ke bi. Wani gwanin gyaran kayan tarihi, Hajji Ahmad Yusuf, shi ya zauna fiye da shekara 10 yana gwada wannan guntu da wancan, yana zuwa wurin masu sassaƙa jirage a bakin Nilu yana kallon hannunsu, har jirgin ya tashi. Malam ya tsaya a gefen jirgin ya ce, "Samari, mutum biyu ne suka yi jirgin nan. Akwai kafintan da ya sassaƙa shi, akwai wanda ya zo bayan shekara 4,500 ya ɗauki wahalar haɗa shi. Ba don na biyun ba, yau ba mai maganar na farko." Wannan maganar ce ta bi ni duk sauran wuraren da muka je. Jirgin yanzu ba ya wurin, a 2021 aka ɗauke shi zuwa sabon babban gidan tarihin da aka gina a kusa da Midan Rimaya, wanda aka yi bikin buɗe shi ranar 1 ga Nuwamban 2025.

A gida mun taso muna jin cewa aljanu ne suka gina Ahram. Wanda ya je ya ga kudancin wurin zai ajiye wannan zance. Tun 1990 aka gano kaburburan ma'aikatan a can, daga baya aka tono garin da suka zauna, da gidajen gasa burodinsu da tarin ƙasusuwan shanu da tumakin da aka yanka musu. A 2013 kuma, a Wadil Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya, aka samo takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta aikin ayarinsa rana-rana: sun loda farin dutse a Ɗura, sun biyo ruwa, sun sauke a Giza, sun koma. 'Yan Adam ne masu ciki da gajiya, tsari da lissafi suka fi mu.

Ba kowa ne a cikinmu ya yarda da waɗannan fita ba, kuma ban ɗauki waɗanda suka ƙi a matsayin marasa hujja ba. Wani abokin zamanmu, mutum mai tsantseni da nake girmamawa har gobe, ya ce shi ba zai kai ƙafarsa kaburburan Fir'aunoni da wuraren bautar gumaka ba, ya kawo abin da ya inganta game da wucewar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta gidajen Samudawa a hanyar Tabuka, da yadda ya hana a shiga wurin da wasa da shagala. Malam bai yi masa gardama a kan hadisin ba. Ya ce hadisin ladabin shiga ya koya mana, kuma Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Ya ƙara da cewa Amru ɗan As ya buɗe Masar tsakanin 640 da 642 tare da sahabbai masu yawa, suka kafa Fusɗaɗ a tsallaken kogi inda ake hango Ahram, wasunsu a nan suka rayu a nan aka binne su, kuma gine-ginen suna nan. Maƙrizi ya yi dogon babi a kansu a cikin Khiɗaɗ, Imam Suyuɗi ma ya yi a Husnul Muhadara. Ni a ganina Malam ya fi kusa da daidai. Na tsaya a cikin ɗakin bautar Sarki Khafre da ke gefen Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, tsakanin ginshiƙan jan dutse da aka ɗauko tun daga Aswan, fiye da kilomita 800, an goga su an haɗa har ba inda za ka cusa farce. Abin da ya cika mini zuciya a wurin tsoron Allah ne. Mutanen da suka iya wannan aiki, yau ko sunan yawancinsu ba a sani ba, kuma abin da suka bauta wa bai tsinana musu komai ba. Wanda bai tsaya a wurin ba da wuya ya ji haka a jikinsa.

An taɓa gwada rushe Ahram ma. A jikin ƙaramar dala ta uku, ta Menkaure, ta fuskar arewa, akwai wata doguwar tsaga da kowa ke gani. A 1196 Sarki Aziz Usman, ɗan Salahuddin, ya sa ma'aikata su rushe ta. Wata 8 suna fama, dutse ɗaya ko biyu suke iya turowa a yini, kuɗi suka ƙare aka watse.

Fita ta gaba da ta zauna mini ita ce ta Ƙal'a, ganuwar da Salahuddin al-Ayyubi ya fara ginawa a 1176 a kan tudun Muƙaɗɗam, wadda ta zama fadar mulkin Masar kusan shekara 700, har Khidiwi Isma'il ya sauko zuwa fadar Abidin. Baƙi masallacin Muhammad Ali suke rububi, mai manyan ƙubbobi irin na Istanbul, su ɗauki hoto su tafi. Malam ya ja mu zuwa wanda ke gabansa, masallacin Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, wanda ba cunkoso a cikinsa. Ya nuna mana ginshiƙansa, ba biyu da suka yi kama, an tattaro su ne daga tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni da Rumawa aka ɗora musu rufin masallaci. Sannan ya zaunar da mu a inuwa ya ce a wannan Ƙal'a, a gaban wannan sarki, Mansa Musa na Mali ya tsaya a 1324 a hanyarsa ta hajji. Kafin ya tsallako kogi ayarinsa a gindin Ahram ya yi zango, wato a bayan unguwarmu. Zinariyar da ya raba a garin sai da ta karya darajar zinariya shekara da shekaru. Tun kafin shi, a shekarun 1240, mutanen Kanem sun gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ don ɗalibansu da alhazansu. A Azhar an yi ruwaƙi, wato masaukin ɗalibai, na Barnawa. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasarmu, har da Sarkin Katsina Ibrahim, kuma kabarinsa na nan ƙasan Ƙal'a ta wajen Sayyida A'isha. Sai Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, wanda ya zauna a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan, ya rasu a Alƙahira a 1741 ya bar masa littattafansa.

Na daɗe ina ɗaukar kaina baƙon da ya zo roƙon ilimi a ƙofar wasu. Ranar na sauko daga Ƙal'a da sanin cewa hanyar da na biyo tsohuwa ce, kakannina sun riga ni takawa, wasu da zinariya wasu da alƙalami. Wannan sanin yana gyara wa yaro tafiyarsa a garin da wani lokaci ake kallon baƙar fata a wulaƙance. Daga kan katangar kuma, idan sama ta yi garau, ana hango masallacin Sultan Hasan a ƙasa, da birnin gaba ɗaya, da Ahram can yamma a ƙarshen gani, sai ka ce ga Faisal can.

A Ƙal'ar akwai rijiyar da ake kira Bi'ir Yusuf, wadda Ƙaraƙush, ɗaya daga manyan fadawan Salahuddin, ya sa aka fafe a cikin dutse zurfin kusan mita 90, hawa biyu, shanu na sauka ta wata hanya mai zagaye suna juya na'urar ɗebo ruwa a tsakiya. A rufe muka same ta, daga waje aka nuna mana. Shi wannan Ƙaraƙush ɗin ƙananan dala na Giza ya farfasa ya kwaso duwatsun ginin ganuwa.

Mutum zai iya cewa ai Masar dutse gare su, mu ƙasa gare mu, dole nasu ya daɗe. Masallacin Ibn Ɗulun ne ya raba ni da wannan tunani. An gama shi a 879, da jan bulo da shafe, ba da dutse ba. Ya taɓa zama kufai, alhazan Magrib na kwana a ciki da dabbobinsu. Wani sarkin Mamluk, Lajin, ya ɓuya a cikinsa lokacin da ake neman ransa, ya yi alwashin in Allah ya kuɓutar da shi zai gyara shi, ya kuma cika a 1296. Ya sake lalacewa, aka mayar da shi gidan gajiyayyu, sai hukumar kula da gine-ginen Musulunci da aka kafa a 1881 ta sake tsamo shi. Yau kana shiga tsakar gidansa hayaniyar gari ta yanke, ka hau hasumiyarsa ta matakalar da ke zagaye da ita ta waje. Kowane zamani an samu wanda ya ce wannan ba zai faɗi a hannuna ba. Haka labarin ganuwar Ayyubawa ta gabashin birnin. Shekara 500 ana zuba shara a bayanta har ta nutse, aka manta da ita. Da gidauniyar Aga Khan ta zo mayar da jujin lambu, wanda aka buɗe a 2005 da sunan Hadiƙatul Azhar, sai ga katanga tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi da hasumiyoyinta a ƙarƙashin shara. Aka koya wa samarin unguwar Darbul Ahmar sassaƙar dutse, su suka gyara ta, suka samu sana'a. Mun zauna a kan ciyawar lambun muna kallon katangar, kowa ya yi shiru, don kowa ya san wace katanga ce ta faɗo masa a rai.

Wata fitar kuwa, ta ganin tafki, sai da muka yi tafiya. Daga Rimaya ake hawa motar Fayyum, a ratsa hamada, sai kawai ƙasa ta gangara ka ga kore. Tafkin Ƙaruna yana can ƙasa, fiye da mita 40 ƙasa da doron teku, ragowar wani babban tafki ne da sarakunan zamanin da suka sarrafa da ruwan Nilu ta mashigin Bahar Yusuf suka mayar da yankin rumbun abinci. A ƙarshensa na yamma akwai Ƙasru Ƙaruna, ɗakin bauta na zamanin Girkawa da aka yi wa gunkin kada, rufinsa na nan, ana hawa. Amma tafkin kansa ya ba ni tausayi. Ba shi da mafita, ruwan da ya wanke gonaki da na magudanai ne ke zuba a ciki, rana na ƙafar da shi, gishiri na taruwa. Na ɗiba na ɗanɗana, ba ya shawuwa. Wani masunci da ke gyaran koma a bakin ruwa ya ce wa Malam, "Ya Shaikh, kifin da ubana ke kamawa a yini ɗaya, ni ba na samun sa a mako."

A wannan tafiya akwai wani ɗalibi ɗan kudancin Indiya da muke aji ɗaya, mai jin yaren Telugu, yaren da masu kallon fassarar finafinan Indiya suka sha ji ba su san sunansa ba. Musulmi ne mai riƙo, amma yana alfahari da garinsu Warangal, hedkwatar sarakunan Kakatiya kafin daular Delhi ta ci su a 1323. Ya ba mu labarin ganuwar garin da ƙofofinta huɗu na sassaƙaƙƙen dutse, da ɗakin bautar Hindu mai ginshiƙai dubu na 1163, da na Ramappa na 1213. Abin da ya fi ƙarfafawa shi ne cewa waɗancan sarakuna duk inda suka yi wurin bauta sukan tare ruwa a gefensa, kuma tafkunan Ramappa da Pakhal har yau manoman shinkafa na sha daga gare su, shekara 800 ke nan. Bayan rabuwarmu na ji cewa a 2015 gwamnatin jiharsu ta Telangana ta fara shirin yashe tsofaffin tafkuna fiye da 46,000, ta sa masa sunan Kakatiya, kuma a 2021 UNESCO ta sa Ramappa cikin wuraren tarihi na duniya. Na tuna kududdufan Kano. Su ma kakanni ne suka haƙa, suka ɗebi ƙasar suka yi gidaje da ganuwa, ramin ya zama matattarar ruwan damina. Yanzu ana cike su da shara a yanka filoti, in aka yi ruwan awa biyu ya rasa inda zai je sai ɗakunan mutane.

A 2010 muna Faisal labari ya zo cewa an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Wani ya buɗe hotunan a Facebook a shagon intanet na ƙasan benenmu, muka taru a kansa. Ga katafila, ga tarin ƙasa. Da yamma na kai wa Malam labarin. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni, "Kai da kake Bakano, ƙofar nan ka taɓa tsayawa ka dube ta, ko wucewa kawai kake yi?" Ya ce ba ni kaɗai yake tambaya ba, garin gaba ɗaya yake tambaya. Ya ce a nan Alƙahira titi ya zo Babu Zuwaila, ƙofar da aka gina a 1092, titin ne ya ƙanƙantar da kansa ya bi ta cikinta, saboda ƙofar na da mutane: malamai na kawo yara, marubuta na rubutu a kanta, masu shaguna na cin abinci da baƙinta. Abin da ba mai zuwa ganinsa, ranar da za a rushe shi ba mai tsayawa a gaban katafila.

Ba ina cewa Masar ta tsira ba ne. Su ma sun cike tafkunan Azbakiyya da Birkatul Fil tun ƙarni na 19, gonakin da Faisal ta cinye ba za su dawo ba, kuma daga 2020 an rushe sassan tsohuwar maƙabartar Ƙarafa don gadoji da tituna, abin da ya ƙona ran masana tarihinsu. Bambancin shi ne a can in aka taɓa, ana samun masu ihu, ana samun masu zuwa da kyamara da ma'auni, wani lokaci a ja da baya.

Namu ya fi nasu buƙatar hannu, don ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, kuma abin da ya riƙe ta duk tsawon nan gayya ce. Bayan damina unguwanni da ƙauyuka kan fito, kowa da rabonsa, a yi yaɓe. Turawan da suka ci garin a Fabrairun 1903 sun rubuta mamakin tsayinta da kaurinta. Da gayyar ta tsaya sai ruwa ya fara, masu ɗibar ƙasa suka biyo, masu yanka filoti suka ƙarasa. Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta ce za ta nema wa rajistar UNESCO, har yau Sukur da dajin Osun-Osogbo kaɗai ƙasar ke da su. A watan Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufto a kan masallata ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. A Satumban 2024 ruwan sama ya kwantar da tsohon masallacin Birnin Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, masallacin da Malam ya sha ba mu labarin yadda ya yi karatun allo a kusa da shi. Ranar da na ga hoton shi na fara tunawa. Amma Agadas na nan da hasumiyarta ta ƙasa mai mita 27, ana sabunta mata yaɓe, ta shiga jerin UNESCO a 2013. Mutanen Jenne a Mali kowace shekara gari ke fitowa da kwanduna a shafe babban masallacinsu a yini guda. Ƙasar da suke kwaɓawa irin tamu ce.

Don haka ga ɗalibanmu da ke Faisal da Hayyul Ashir na Madinat Nasr da Bu'us a yau, ku ware safiyar Juma'a ɗaya a wata. Ku fara da Ahram, ku je Ƙal'a ku zauna a masallacin Nasir Muhammad, ku ziyarci Imam Shafi'i da Suyuɗi, ku hau hasumiyar Ibn Ɗulun, kuma wanda ya riga zuwa ya ja sabon zuwa, kamar yadda aka ja mu. Ga shugabannin makarantu a gida, na boko da na Islamiyya, kuɗin motar kai aji guda Gidan Makama da Dutsen Dala da Marinar Ƙofar Mata bai kai na bikin yaye ɗalibai ba. Na Katsina su kai yara Gobarau, na Daura Kusugu, na Sakkwato Surame, na Zariya su zagaya da su ganuwa ƙofa-ƙofa, malami ya tsaya ya faɗa musu wanda ya gina da dalilin ginawa. Masu unguwannin da ragowar ganuwa ta ratsa ta cikinsu kuma, Allah ya ja zamaninku, ku nemi Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masarauta ku dawo da gayyar yaɓe a bana, da zarar ruwa ya ɗauke. Magina na gargajiya da suka san kwaɓin ƙasa da makuba suna nan da ransu, amma yawancinsu sun manyanta.